Tsutsar Dutsen Teku

Shekarar da jiragen siminti suka yi cincirindo a bakin tekun Ikko, a ita ce Tukur ya tashi daga direban gingimarin wani ya zama mai motocin kansa. Kafin a ankara ya je Makka ya dawo, ya rushe gidan ƙasar da ya gada a Haɗeja ya tayar da na bulo, ya kafa injin wuta a bayan gida. Kowa ya koma kiransa Alhaji, in ban da mutum ɗaya, Ja'afaru, yayan matarsa Zaituna.

Ja'afaru masunci ne, a wani ƙauye kusa da Baturiya yake zaune, duk ranar kasuwa yakan kawo banda Haɗeja. Jininsu bai taɓa haɗuwa da Tukur ba. Tun lokacin da Tukur ya zo neman auren Zaituna yana yaron mota, Ja'afaru ya faɗa a gaban manya cewa ba ya son ƙanwarsa ta auri mutumin da ba shi da gona, ba shi da koma, sai kwanan tasha. An dai ɗaura auren, amma Tukur ya riƙe maganar. Da aka shiga shekarun fari, kogi ya daina malala fadama yadda ya saba, kifi ya yi wuya, sai Tukur ya aika wa Ja'afaru cewa in yana so ya zo ya riƙa sauke siminti tare da leburori. Ja'afaru bai je ba, shi ma ya riƙe maganar.

Wata rana da bazara tirelar Tukur ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da wani dogon akwatin gilashi a naɗe da barguna, da durom-durom na ruwa, da duwatsu masu ramuka kamar gidan zuma, a jiƙe cikin bokitai. A wurin wani Bature ma'aikacin jirgin ruwa da zai koma ƙasarsu Tukur ya saya. Baturen ya yi masa dogon bayani da Turanci, abin da Tukur ya kama a ciki kaɗan ne: ruwan teku kawai ake zubawa, ɗakin ya zama da sanyi, ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan kuma kada a bari ya tsaya.

Aka kafa akwatin a babban falo, aka jera duwatsun a ciki, aka saki kifayen. Mutanen Haɗeja sun san kifi, a bakin kogi aka haife su, amma ba su taɓa ganin shuɗin kifi ba, ko rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Akwai wani mai zanen fari da baƙi, da dogon zare a gadon bayansa yana kaɗawa in yana iyo. Shi Tukur ya fi so, ya sa masa suna Mai Tuta. 'Yan kwangila da ma'aikatan gwamnati suka riƙa zuwa kallo, Tukur yana tsaye a gefe cikin babbar riga yana gaya musu cewa ko ruwan da ke ciki daga Ikko motarsa take kawo shi.

Da yake shi ba mazauni ba ne, ba da abinci ya faɗa wuyan Zaituna. Abincin gwangwanin da Baturen ya haɗa musu da shi bai daɗe ba ya ƙare, ta koma yanka musu ɗanyen kifi ƙanana-ƙanana. A kwanakin farko ma, wata safiya kafin ta buɗe labule, ta ga wani abu ya miƙo daga ramin dutse. Tsutsa ce ja-ja, tsawon yatsa, gefe da gefenta fararen gashi a jere kamar na gizaka. Ta ja ragowar naman da ya kwana a ƙasa ta koma da shi rami. Zaituna ta ja da baya. Da Tukur ya dawo daga tafiya ta gaya masa, yana cin tuwo ya ce idonta ne, ruwan Bature ba ya tsutsa.

Ana nan, ranar wata kasuwa, Ja'afaru ya biyo da yamma ya kawo wa ƙanwarsa bandar tarwaɗa. A zaure ya tsaya kamar yadda ya saba, don ba ya son shiga gidan. Sai ga Tukur ya fito.

"A'a, Ja'afaru! Ai yau sai ka shigo. Kai da ka ce ka san kifi, zo ka ga irin wanda komarka ba ta taɓa kamawa ba."

Ja'afaru ya shiga da ƙurar kasuwa a ƙafarsa, bai cire takalmi ba sai da Zaituna ta yi masa ido. Ya tsaya gaban gilashin ya daɗe yana kallo.

"Ana cin su?"

"Ci? Wannan ai na kallo ne."

"To, Tukur, sannu da ƙoƙari. A ƙauyenmu mata sai sun haƙa yashin kogi kafin su sami na sha, kai kuma kana ɗoro ruwan gishiri a mota tun daga Ikko don kifin da ba a ci."

"Motata ce, man kuma ba kai ka zuba mini ba."

Ja'afaru ya naɗe hannun riga, ya ɗaga murfin akwatin ya tsoma hannunsa har gwiwar hannu. Kifayen suka watse suka ɓuya bayan duwatsu. Ya ɗanɗana ruwan a yatsa, ya tofar a kan dardumar falon.

"Fitar da hannunka!" in ji Tukur da tsawa.

"Na fitar. Amma ka rubuta ka ajiye, waɗannan ba za su ga damina ba."

"Yaya, don Allah," in ji Zaituna.

Ya goge hannunsa a rigarsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Washegari Tukur ya tafi Kano. Da tsakar rana injin wuta ya yi tari ya mutu, ba a samo bakanike ba sai bayan la'asar. Falon ya zama kamar tanda. Zaituna ta ga kifayen sun taso sama suna buɗe baki, ta sa aka buɗe tagogi, ta tsaya tana yi wa ruwan fifita da faifai, don ba ta san abin da za ta yi ba. Da wuta ta dawo sauran suka farfaɗo, amma Mai Tuta ya koma lungu ya daina cin abinci. Washegari da dare Tukur ya dawo a gajiye, ta gaya masa injin ya tsaya, ya ce tunda an gyara ai shi ke nan.

Da safe bayan ya dawo daga masallaci ya shiga falo shi kaɗai. Zaituna tana kicin ta ji ihunsa. Ta tarar da shi durƙushe gaban gilashin. Mai Tuta yana kwance a ƙarƙashin dutse, tsutsotsi sun lulluɓe shi, manya da ƙanana, sun cinye ido, sun huda ciki, sai ƙaya ta fara bayyana. Kafin ta yi magana Tukur ya zura hannu ya damƙo kifin da tsutsotsin gaba ɗaya. Nan take ya yar da su yana yarfe hannu. Fararen gashin nan sun kafe a yatsunsa kamar ƙayar ƙarangiya, kafin hantsi hannun ya kumbura yana zugi kamar an ɗora masa garwashi.

Zaituna tana zare masa gashin da hantsaki, shi kuwa idonsa na kan akwatin.

"Ya ce ba za su ga damina ba," in ji shi a hankali. "Ya tsoma hannu, ya faɗa, ga shi."

"Wa?"

"Kin fi ni sani."

"Haba Alhaji. Tsutsar nan tun makon da aka kawo akwatin na gan ta, na kuma gaya maka. Yaya ko labarin kifin bai ji ba a lokacin."

"Ban tuna kin gaya mini ba."

"Kana cin tuwo, ka ce idona ne. Kuma shekaranjiya injin ya tsaya tun tsakar rana har bayan la'asar, tun ranar kifin nan bai ƙara ci ba."

Ya fizge hannunsa. "Yanzu kuma injina ne ya haifi tsutsa? Ina kika taɓa ganin tsutsa mai harbi kamar kunama? Masuncin banza, ya san asirin ruwa, da hannunsa ya zuba mini su. Ke kuma dole ki kare shi, nono ɗaya kuka sha."

Ta ajiye hantsakin, don ta san in ya hau irin wannan ba ya jin kira. Ta ɗauka zai huce. Bai huce ba. Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ya yi su yana tsinto tsutsotsin da cokali mai yatsu yana tarawa a kwalba.

Ranar kasuwa ya sa aka tuƙa shi har bakin rumfunan 'yan kifi, ya fito da hannu ɗaure da bandeji, kwalbar a ɗaya hannun. Ja'afaru yana zaune a bayan tabarmarsa, ya jera bandar tarwaɗa da karfasa kashi-kashi, mata masu sari sun kewaye shi suna ciniki. Tukur ya ratsa su, ya buɗe kwalbar ya juye a kan kifin.

"Ga kayanka na dawo maka da su!"

Matan suka yi baya suna salati. Tsutsotsin suka shiga motsi a tsakanin bandar, gashinsu na ƙyalli a rana.

"Jama'a ku shaida," in ji Tukur da ƙarfi, yana ɗaga hannun da ya kumbura. "Wannan mutumin ya shiga gidana, ya tsoma hannu a ruwana, ya yi mini sammu da tsutsa. Ya kashe mini kifi, ya nemi ya nakasa ni. Duk mai cin kifinsa ya san abin da yake ci."

Ja'afaru ya miƙe a hankali. Ya fi Tukur tsawo da ƙarfi, jan koma ya murɗe masa damtse. Ya cakumi wuyan babbar rigar ya jijjiga shi har hula ta faɗi cikin kwata.

"Ni zan yi maka sammu? Kai wane ne? Yaron mota! Da ina da asirin da zan yi, a kan kifin wasa zan ɓata shi?"

"Kun ji ko? Ya ce da yana da shi!"

Da kyar mahauta da 'yan dako suka raba su. Tukur ya koma mota ba hula, rigarsa a yage. Ja'afaru ya tsaya kan tabarmarsa, ba wanda ya ƙara matsowa. A sana'ar banda ba abin da ke kashe ciniki kamar a ce kifinka da tsutsa, balle irin wadda ba wanda ya taɓa gani. Ya tattara kayan ya zuba a bola, ya kama hanyar ƙauye.

Labari ya riga Tukur isa gida. Zaituna ba ta yi kuka ba. Ta aika wa maƙwabciyarta, matar Malam Abdulwahid, cewa tana roƙon mijinta ya zo ya dubi akwatin. Malam Abdulwahid mutumin Indiya ne, yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare, a gidan hayar Tukur yake zaune, kuma a garin bakin teku ya tashi. Ya zo bayan la'asar, ya gaisa da Hausarsa mai gargada, ya sa tabarau ya leƙa ramukan duwatsun.

"Alhaji, wannan na san shi. A garinmu yana da yawa. Cikin dutse yake zama, tare da dutse ya zo daga teku. Ba mutum ya sa ba."

"Ya kashe mini kifi."

"A'a. Shi ba ya kama mai rai, ba ya iya gudu. Abin da ya mutu yake ci, da abincin da ya rage. Kamar ungulu ne a mahauta. Kifi ya mutu tukuna, shi ya ji wari ya zo. In babu shi, mushe zai ruɓe a ciki, ruwa ya lalace."

"Hannuna fa?"

"Ka kama shi ne. Gashin don tsaron kansa ne. Ka jiƙa da ruwan tsami, zai sauka."

Malamin ya nemi a ba shi ɗan yankin kifi, ya jefa kusa da dutse, ya sa aka saki labule. Suka tsaya su uku a cikin duhun falon. Ba a jima ba kawuna suka fara leƙowa daga ramuka, tsutsotsin da suka tsira daga cokalin Tukur suka miƙo suka taru a kan naman. Wani shuɗin kifi ya zo ya wuce ta kansu, har jelarsa na shafar yashi, ko ɗaya ba ta juya ta bi shi ba.

"Ka gani, Alhaji?"

Tukur ya yaye labulen da ƙarfi. "Na ga an koya musu wanda za su kashe. Malam, wa ya kira ka gidan nan?"

Malamin ya dubi ƙasa.

"Ni na aika," in ji Zaituna daga bakin ƙofa.

"Na sani. To Malam, ka je ka koyar da yaranka. In kuma gidan da kake ciki ya ishe ka, ka ƙara sa baki a maganar iyalina."

Malam Abdulwahid ya cire tabarau ya sa a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Abu ɗaya, Alhaji. Kada ka wanke dutsen. Ba tsutsa kaɗai ke ciki ba, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke gyara ruwan."

Abin da Tukur ya yi ke nan washegari. Ya kira direbobinsa biyu, suka kwashe duwatsun kaf, aka hura wuta a tsakar gida aka dafa su a tukunyar biki. Wari ya cika unguwa, wani irin ƙarni da ba na kifin kogi ba. Tukur yana tsaye da sanda yana juyawa, tsutsotsi suna tasowa saman ruwan a sandare, yana cewa, "Ku koma wurin mai ku." Da duwatsun suka huce aka mayar da su, sun yi fari fat, ya ce yanzu ne ma suka yi kyau.

Kwana kaɗan ruwan ya fara dishi-dishi, daga nan ya koma kamar an dama koko a ciki. Abin da ya mutu a can cikin ramukan yana ruɓewa, ragowar abinci kuma tana kwance a ƙasa ta yi gashin funfuna, ba mai ɗauka. Ruwan tekun da ke durom ya ƙare, motar da za ta kawo wani tana Ikko tana jiran lodi. Kifayen suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya Zaituna takan tsamo na ranar da matsami. Baƙi suka daina zuwa, don falon ba ya shiguwa.

Ranar da na ƙarshe ya mutu ta tarar da Tukur zaune a kujera gaban gilashin, injin iska yana ta ɓulɓula a cikin ruwan da ba kowa.

"Alhaji, yanzu babu tsutsa ko ɗaya, kuma kifayen sun ƙare. Ka ga dai maganar malamin ta fito."

Ya ci gaba da kallon gilashin.

"Ka je kasuwa ka faɗa. Inda ka tsaya ka zuba masa, nan za ka tsaya ka ce ba shi ba ne."

"Ni? In tsaya gaban 'yan kifi in ba Ja'afaru haƙuri?"

"Ba haƙuri na ce ba. Gaskiya kawai za ka faɗa."

"Ko da tsutsar daga dutse take, bakinsa fa? Ya ce ba za su ga damina ba, sun gani? Mugun baki ma ai sammu ne."

"Da hannunka ka dafa duwatsun nan, ina tsaye."

Ya miƙe ya nuna ta da yatsa. "In gidan yayanki ya fi miki, hanya a buɗe take."

Ta ɗauki mayafinta da ɗan ƙunshin kaya, ta goya ƙaramar 'yarta, ta tafi tasha.

A ƙauye ba ta sami tarbar da ta zata ba. Ta iske Ja'afaru a gindin giginya yana ɗinkin koma, rumfar bandarsa a bayan gida ba hayaƙi. Ya ɗago ya dube ta, ya ci gaba da ɗinki.

"Kin zo ganin aikin mijinki?"

"Yaya, ko sannu da zuwa babu?"

"Kasuwa biyu ke nan ina kai kifi ina dawowa da shi. Mai tsutsa suke kirana. Har a Kirikasamma an ji. Yaran da ke taya ni jan koma iyayensu sun hana su, wai kada in shafa musu."

Ta zauna a kan turmi ta gaya masa duk abin da ya faru, da zuwan malamin, da dafa duwatsun, da mutuwar sauran kifayen. Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Madalla. Da ma har gilashin ya fashe. Tunda kin fito, kin fito ke nan. Gobe zan je wurin alƙali a raba auren nan, tun farko na ce ba na so."

"Ban zo don a raba aurena ba."

"To me ya kawo ki? Shekara nawa kina cin shinkafarsa kina kwana a sanyin inji, kin taɓa tambayar yadda muke yi da kogin nan da ya ƙafe?"

"Kai ma wa ya aike ka ka tsoma hannu a ruwan mutum, ka tofa masa yawu a darduma? Da ka gaishe ni a zaure ka tafi, da duk wannan bai faru ba."

"Na tsoma, kuma ko gobe zan ƙara."

Ta dube shi, ta ga irin taurin fuskar da ta baro a Haɗeja. Ta shiga ɗakin mahaifiyarsu ta kwanta.

Da kasuwa ta zagayo, Zaituna ba ta gaya wa kowa ba ta bi motar 'yan kifi. Tun da aka kai ta gidan Tukur ba ta taɓa taka kasuwa ba. Ta tsaya a tsakiyar rumfunan banda, ta sassauta mayafi don a gane ta, ta ce ita ce Zaituna matar Alhaji Tukur, ita ke ba kifayen nan abinci da hannunta. Ta ce tsutsar a cikin dutse ta zo daga teku, ta gan ta tun kafin yayanta ya taka falon, mushe take ci ba ta kisa, kuma zafi ne ya kashe kifin farko ranar da inji ya tsaya.

Wata dattijuwa mai sarin banda, 'Yar'azumi, ta ce, "Allah sarki, 'yar nan, mun ji." Wata kuwa daga baya ta ce, "To me za ta ce da ma? Ai yayanta ne." Aka yi dariya, ciniki ya ci gaba. A ranar 'Yar'azumi ta sayi kashi biyu a wurin Ja'afaru, sauran matan suka wuce shi kamar da.

Shi kuwa ko godiya bai yi ba. Ya ja ta gefe yana huci. "Wa ya sa ki? Yanzu za a ce mace ce ta zo ta wanke ni. Kin ƙara mini wani abin gorin."

Kafin magariba labari ya kai wa Tukur cewa matarsa ta tsaya a kasuwa ta ƙaryata shi a gaban mahauta. Ya rantse ba zai je biko ba. Sai da ruwan farko ya sauka, dattawan unguwa suka matsa masa, sannan ya shiga mota ya tafi ƙauyen. Ya tarar da Ja'afaru a bakin kogi yana ɗaure komarsa da gorunansa cikin buhuna, ya sayar da kwalekwalensa, zai tafi Baga inda ba wanda ya san shi. Zaituna tana tsaye nesa kaɗan da goyo.

Tukur bai yi sallama ba. Ya tsaya yana wasa da makullin mota, ya ce, "An ce tsutsar daga dutse take."

"An ce?"

"Haka malamin ya faɗa."

"Kai fa, me ka ce?"

"Na zo ɗaukar iyalina ne."

"Ka je kasuwa ka faɗa da bakinka."

"Ba zan je ba." Tukur ya dubi buhunan. "Akwai motata da za ta Maiduguri jibi. In kana so ta rage maka hanya."

Ja'afaru ya ɗaga buhu ya saɓa a kafaɗa. "Ko a ƙafa zan je Baga, ba zan hau motarka ba, Tukur." Ya wuce ta gaban ƙanwarsa ya ce, "Ke kuma ki bi shi, kun dace."

Zaituna ba ta bi kowa ba a ranar. Ta ce wa Tukur ya tafi, za ta dawo in ta ga dama. Ta zauna wurin mahaifiyarta har aka yi girbin gero, sannan ta koma Haɗeja da ƙafarta, saboda manyan 'ya'yanta da ke makaranta. Tukur bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ƙara tayar da maganar ba. Magana a tsakaninsu ta koma ta cefane da ta yara. Malam Abdulwahid kuwa da hutu ya zo ya tashi daga gidan hayar, ya koma gidajen malamai a cikin makaranta.

Ja'afaru ya yi shekaru a Baga, sana'a ta karɓe shi, ya kwashe iyalinsa suka koma can. Bai ƙara taka ƙasar Haɗeja ba sai da mahaifiyarsu ta rasu. A wurin jana'iza shi da Tukur sahu ɗaya suka tsaya, wannan a ƙarshen dama, wancan a ƙarshen hagu. Da aka dawo daga maƙabarta liman ya kamo hannun kowannensu zai haɗa, ya ce albarkacin wadda aka binne. Ja'afaru ya zare nasa, Tukur ya sa nasa a aljihu. Zaituna tana cikin gida tana karɓar gaisuwa aka zo aka gaya mata. Ta ce a kai wa kowannensu abinci inda yake zaune, kada a haɗa musu kwano.